R da RStudio bayan shekara uku ina fama da su

Tambayar da aka fi yi min a 'yan kwanakin nan ita ce wai da wace manhaja mutum zai koyi aikin lissafin bayanai, Excel ne ko SPSS ko Python ko kuwa wannan R ɗin da nake yawan ambata, to na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani gaba ɗaya. Shekara uku ke nan ina aiki da R, kuma Allah ya sa aikin ya ratsa da ni ta fanni uku da ba su yi kama da juna ba, na taɓa lissafin haɗarin hannun jari, na taɓa taswirar bayanan ƙasa da ruwan sama, sannan wanda na fi daɗewa a ciki shi ne binciken tambayoyi na gida-gida. Ina son sa, ina kuma ba da shawarar a koye shi, amma yana da wani hali da sai da ya kusa kunyata ni sau biyu kafin na gane shi, wato duk abin da ka ce ya lissafa zai lissafa maka tsaf, ko da shirme ne, ba zai ce uffan ba.

Da farko dai a bambanta su don mutane na cakuɗa su. R shi ne yaren, shi ne injin da ke yin lissafin. RStudio kuwa ɗakin aiki ne da aka gina a kansa, taga huɗu, ɗaya ta rubuta kod, ɗaya ta ganin amsa, ɗaya ta bayanan da ka loda, ɗaya ta zane. Sai ka sauke R tukuna sannan RStudio, in ka juya tsarin zai buɗe ya ce maka bai ga injin ba. Shi R malamai biyu ne a Jami'ar Auckland ta New Zealand suka fara shi a farkon shekarun 1990, Ross Ihaka da Robert Gentleman, ka ga harafin farkon sunayensu ke nan, kuma sun ɗora shi ne a kan wani tsohon yare mai suna S da John Chambers da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Bell Labs tun 1976. Sigar 1.0.0 ta fito ranar 29 ga Fabrairu 2000. RStudio ya zo daga baya a 2011, kamfanin kuma ya canza suna zuwa Posit a 2022 amma manhajar tana nan da sunanta. Duka biyun kyauta ne, ba lasisin da zai ƙare maka ana tsakiyar aiki, kuma rumbun da ake kira CRAN yana ɗauke da fakej, wato ƙarin kayan aikin da ake ɗorawa a kan R, sama da 20,000, kusan duk wata dabarar lissafi da ka ji sunanta wani ya riga ya rubuta ta ya ajiye a can.

Watan farko kam ba daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Wanda ya saba da danna maɓalli ya ga tebur ya fito, ranar da ya buɗe R ba abin da zai gani sai alamar > tana ƙifta masa ido tana jira. Ka manta waƙafi ɗaya jan rubutun kuskure ya fito, ka rubuta babban harafi a wurin ƙarami jan rubutu, kuma jan rubutun ma ba ya taimako, akwai wani shahararre da ke cewa "object of type 'closure' is not subsettable" wanda na yi yini guda ina kallo kafin na gane ma'anarsa kawai ita ce na kira sunan da ban riga na ajiye komai a cikinsa ba, sai ya zaci umarninsa na ciki nake nufi. Ka nemi matsakaicin jerin lambobi, in akwai gurbi ɗaya da babu komai sai ya ba ka NA, wato babu amsa, ya yi shiru, sai ka ƙara masa na.rm=TRUE sannan ya tsallake gurbin. A lokacin haushi abin yake ba ni, yanzu kuwa ina ganin yana cikin 'yan wuraren da R ke yi maka hannunka mai sanda, don tilas ka tsaya ka tambayi kanka gurbi nawa ne ma babu komai kuma me ya sa.

Abin da ya sa na zauna ban gudu ba wani ɗan abu ne ƙarami. R yana zuwa da tarin bayanai na gaske a cikinsa don gwaji, ɗaya daga ciki sunansa Nile, yawan ruwan da ya wuce ta Aswan a kogin Nilu kowace shekara daga 1871 zuwa 1970, lamba 100 cif. Na rubuta plot(Nile) kawai sai ga zane, kuma ko ba ka san komai a lissafi ba idonka zai ga layin ya faɗo wajajen 1898 bai sake komawa inda yake ba. Kafin nan matsakaicin ya kusa 1,100 bayan nan kuma wajen 850, alhali in ka haɗa shekara ɗarin duka ka ɗauki matsakaici ɗaya zai ba ka 919, lambar da ba ta siffanta zamanin farko ba, ba ta siffanta na biyu ba. Gani ya kori ji. Daga ranar na daina yarda da duk wani matsakaici da ban ga zanensa ba. Amma ku lura, R ya nuna min inda layin ya karye, dalilin karyewar kuwa ba shi da ta cewa a kai, wannan sai ka koma wurin masana ruwa da masana tarihi.

To mu zo kan harkar kuɗi, don nan ne na fi jin daɗinsa. Akwai wasu bayanan a ciki masu suna EuStockMarkets, farashin rufe kasuwa na kullum na manyan ma'aunan kasuwar hannun jari huɗu na Turai, DAX na Jamus da SMI na Suwizalan da CAC na Faransa da FTSE na Ingila, daga 1991 zuwa 1998, rana 1,860. Layi ɗaya ya isa ka mayar da farashin zuwa riba ko asarar kowace rana, kuma da ka zana sai ka ga abu biyu da littafi ke ta faɗa amma ba ka ji a jikinka sai ka gani. Na ɗaya tangal-tangal ɗin kasuwa tafe yake a gungu, makonni a kwance lafiya sai kuma makonni ana ta hawa da faɗuwa kamar an taɓo gidan rina. Na biyu manyan faɗuwa sun fi yadda lissafin zanen ƙararrawa, wanda ke cewa yawancin ranaku na taruwa a tsakiya kuma masu kaucewa da nisa kaɗan ne ƙwarai, ke hasashe yawa nesa ba kusa ba. A ƙa'idar ƙararrawa, ranar da za ta kauce daga tsakiya da ninki uku na ma'aunin watsuwa, wato girman motsin da aka saba gani, sau ɗaya ya kamata ta zo a kwana 370, ninki biyar kuwa sau ɗaya a kwana sama da miliyan ɗaya da rabi. To a cikin bayanan nan akwai ranar da DAX ya faɗi da sama da kashi 9 cikin 100, ranar 19 ga Agusta 1991 da aka yi yunƙurin kifar da Gorbachev a Mosko, alhali motsin da ya saba yi a rana wajen kashi 1 ne. Ninki tara ke nan. A takarda wannan rana ba ta da hurumin zuwa ko da za a yi ta kasuwa har tashin duniya, amma ga ta nan zaune a layinta tana kallonka. Ba ma a maganar 19 ga Oktoba 1987 da Dow Jones, ma'aunin kasuwar Amurka, ya zube da kashi 22.6 a yini ɗaya.

Maganin gungun nan shi ne modal ɗin da ake kira GARCH, Robert Engle ya kawo asalinsa a 1982 ɗalibinsa Tim Bollerslev ya faɗaɗa shi a 1986, Engle ɗin har kyautar Nobel ya samu a 2003 tare da Clive Granger. Tunanin ba wuya, girgizar gobe ta dogara da girgizar yau da kuma yadda kasuwar take a 'yan kwanakin baya. Fakej ɗin rugarch yana yin wannan da layi uku ko huɗu, har ka zaɓi irin rabon da kake so, na ƙararrawa ko na Student mai kaurin jela wato wanda ke ba manyan faɗuwa ƙarin dama, ka fitar da abin da bankuna ke kira VaR wato iyakar asarar da ba a sa ran wucewa a rana 99 cikin 100, wanda JP Morgan suka yayata da RiskMetrics a 1994. Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin gwada modal ɗin a kan tarihi, ka koma baya rana 250 ka ƙirga sau nawa asara ta tsallake iyakar, lissafi ya ce sau biyu ko uku ya kamata, kuma ƙa'idar Basel ta sa ido kan bankuna ma haka take aunawa, daga 0 zuwa 4 kore, 5 zuwa 9 rawaya, 10 zuwa sama ja. Da na gwada da ƙararrawa sannan na gwada da Student na ga bambancin da idona, ba sai wani ya yi min wa'azi ba. Inda na ɗan yi ƙorafi shi ne takardun bayanin fakej ɗin, an rubuta su ne don wanda ya riga ya san fannin, sabon shiga zai karanta shafi guda ya fito bai tsinci komai ba.

Ga wani wasa da nake so duk mai koyo ya yi a makonsa na farko, don shi ne ya fi bayyana halin nan na R da na faɗa. Ka ƙirƙiri jerin lambobi biyu na caca zalla, kowanne yana tara abin da ya faɗo a kan na baya har taki 100, ba abin da ya haɗa su ko na ƙwayar zarra, sannan ka ce wa R ya yi rigireshan ɗin ɗaya a kan ɗaya, wato ya auna ko ɗaya na da dangantaka da ɗayan. Wallahi zai kawo maka tebur mai kyau da taurari uku a gefe alamar wai dangantakar tana da ƙarfi. Ka maimaita sau dubu ka ƙirga, za ka ga wajen kashi uku cikin huɗu na gwajin sun fito da "dangantaka" alhali a ƙa'ida 5 cikin 100 ya kamata. Granger da Newbold sun nuna wannan tun 1974. R bai yi kuskure ko ɗaya ba, tambayar da ka yi masa ce ya amsa, kuma ko gargaɗi guda ba zai fitar ba. Duk wanda ya taɓa haɗa farashin wani abu da yawan jama'a ko da zafin duniya ya ga taurari ya yi murna, to ya sake dubawa.

Bangaren kimiyyar ƙasa kuma nan ne na fara jin kunya. Kafin in kai can, akwai bayanan quakes, girgizar ƙasa 1,000 da aka auna kusa da tsibirin Fiji tun daga 1964, ƙarfinsu daga 4.0 zuwa 6.4, zurfinsu daga kilomita 40 har 680. In ka zana su da launi gwargwadon zurfi sai ka ga faifan ƙasa ɗaya yana nutsewa ƙarƙashin ɗaya kamar an yanka maka duniya ka leƙa, in ka ƙirga su kuma dokar Gutenberg da Richter ta 1944 ta fito, duk ƙarin maki ɗaya a ƙarfi yawan girgizar na raguwa kusan ninki goma. Wannan na minti biyar ne.

Aikin gaske shi ne cike gurbi a taswira. Kana da ma'auni a wurare kaɗan, tashoshin auna ruwan sama ko ramukan da aka ɗebi ƙasa, kana son ka ƙiyasta abin da ke tsakaninsu. Dabarar sunanta kriging, daga sunan Danie Krige injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu da ya fara ta a 1951 wajen ƙiyasta zinare a Witwatersrand, Georges Matheron na Faransa ya tsara mata lissafi daga baya ya sa mata sunan. Kowa da bayanan meuse yake koyo, wurare 155 a gaɓar kogin Meuse a ƙasar Holan da aka auna zinc da dalma da sauransu a cikin ƙasa, za ka ga gubar ta fi yawa dab da kogi tana raguwa in ka yi nisa. Fakej ɗin gstat da sf na Edzer Pebesma da terra na Robert Hijmans su ne kayan aikin, kuma gaskiya sun yi, abin da na fi so shi ne ba taswirar ƙiyasi kaɗai suke ba ka ba, har da taswira ta biyu mai nuna inda ƙiyasin ba shi da tabbas, wadda yawancin masu rahoto ke ɓoyewa don ba ta da kyan gani.

To ni da na gama da meuse sai na ɗauka na iya, na ɗauko bayanan tashoshin ruwan sama na wani aiki na bi matakan nan sak. Taswira ta fito shar da ita, shuɗi da kore, har na tura wa wanda muke aikin tare. Can da yamma sai ya kira ni ya ce malam wannan yankin da ka nuna ruwansa ya yi ƙasa da sifili fa, sama ce ke tsotse ruwa daga ƙasa ko yaya? Ashe a fayil ɗin duk ranar da ba a auna ba -9999 aka rubuta, al'ada ce a bayanan yanayi, ni kuma ban gaya wa R cewa wannan alamar babu ce ba, shi kuwa ya ɗauke ta lamba kamar kowace ya zuba a lissafi. Da na koma gyara sai na tarar da na biyu, wuraren meuse a mita aka ba da su, nawa kuwa a digiri suke kuma ban bayyana masa tsarin taswirar ba, don haka ya ɗauki digiri ɗaya gabas daidai da digiri ɗaya arewa. Digirin arewa kusan kilomita 111 ne ko'ina, na gabas kuwa raguwa yake yi in kana nisa da tsakiyar duniya, a digiri 60 ya koma rabi. Duka biyun laifina ne ba na manhaja ba, amma da summary kawai na buga kafin in fara, wato umarnin da ke taƙaita bayanai, da na ga -9999 ɗin tana zaune a wurin mafi ƙanƙanta. Yanzu ko bayanan wa aka ba ni sai na yi wannan tukuna.

Wani abin da za ku ci karo da shi a wannan fannin, a Oktoban 2023 an yi wa tsofaffin fakej uku ritaya daga CRAN, rgdal da rgeos da maptools, an daɗe ana sanarwa kam, amma darussa da yawa a intanet har yanzu da su aka rubuta, sabon mai koyo zai kwafa ya liƙa ya ga abu ya ƙi ya zaci shi ne bai iya ba. Duk darasin taswira da ka ga ya fara da rgdal ka wuce shi kawai.

Binciken jama'a shi ne inda nake ganin R ya fi amfani kuma an fi yin ɓarna da shi. Matsalar ita ce kusan babu wani babban bincike da ake zaɓar mutane ɗaya-ɗaya kan mai uwa da wabi daga ƙasa baki ɗaya, tsada zai yi. Abin da ake yi a raba ƙasa shiyya-shiyya, a zaɓi gungu a kowace shiyya, a zaɓi gidaje a cikin gungun, wani lokaci a ƙara yawan samfur a ƙananan yankuna da gangan don su ma a iya faɗin wani abu a kansu. Saboda haka kowane mutum a fayil ɗin yana da nauyinsa, wani yana wakiltar mutum ɗari wani dubu. In ka ɗauki matsakaici da mean kawai ka yi watsi da nauyin, amsarka ta waɗanda aka tambaya ce, ba ta al'ummar ba. Fakej ɗin survey na Thomas Lumley shi ne maganin, ka bayyana masa gungu da shiyya da nauyi sau ɗaya da svydesign, daga nan duk abin da ka nema, matsakaici ko kaso ko rigireshan, da tsarin zai lissafa. Masu aiki da bayanan DHS, binciken lafiya da yawan jama'a na gida-gida, sun san v005 da sai ka raba da 1,000,000 kafin ya zama nauyi, da v021 na gungu.

Kuma ba matsakaicin kaɗai ke canzawa ba, har da yawan tabbacin da kake da shi, wannan ne mutane ba sa so su ji. Mutanen gungu ɗaya suna kama da juna, rijiya ɗaya asibiti ɗaya makaranta ɗaya, don haka mutum na ashirin da ka tambaya a wurin bai ƙara maka sabon labari kamar na farko ba. Leslie Kish ya ba da lissafin a 1965 kuma mai sauƙi ne, a ce mutum 25 kake tambaya a kowane gungu kuma kamanninsu 0.05 ne kacal, sai ka ninka 24 da 0.05 ka ƙara 1, ya ba ka 2.2, ma'ana mutum 1,000 ɗinka a zahiri darajar mutum 455 gare su. Kuskuren da kake taƙama maki 3.1 ne sama ko ƙasa ya koma kusan 4.6. Na sha ganin rahoto ana cewa yanki kaza ya fi yanki kaza da maki huɗu ana ta gina sharhi a kai, da an sa tsarin binciken a lissafi da bambancin ya narke. Yawan mutane ma ba ya ceton samfurin da ya karkace, mujallar Literary Digest a Amurka ta aika takardun tambaya miliyan 10 a 1936 ta samu amsa sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48, saboda daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta ɗebo yawancin sunayen kuma waɗanda suka ga damar amsawa ba irin sauran ba ne.

Kunyata ta biyu a nan ta faru, ita ma irin ta farko ce. Tambaya ce ta shekarun da mutum ya yi a makaranta, aka sa 98 wa wanda ya ce bai sani ba, 99 wa wanda bai amsa ba, na ɗauki matsakaici na ga ya yi sama fiye da hankali na kusa rubuta cewa ilimi ya bunƙasa a wurin. Allah ya taimake ni na zana kafin in tura. A nan kam zan yaba wa SPSS da Stata, sun fi R kula da laƙabin amsoshi da alamomin babu tun daga tushe, a R sai ka haɗa da fakej ɗin haven kuma ka buɗe ido. Akwai kuma tarkon factor, in lambobi suka shigo a matsayin rukuni ka ce a mayar da su lamba kai tsaye, lambar jerin rukunin zai ba ka ba ainihin abin da ke rubuce ba, 10 da 20 da 50 su koma 1 da 2 da 3, shiru ba gargaɗi. Siga ta 4.0.0 da ta fito a 2020 ta rage wannan masifar da ta daina mayar da rubutu rukuni da kanta, amma tarkon na nan.

To in haka ne me ya sa ban koma Excel ba? Saboda duk kurakuran nan da na lissafa na gano su ne don komai a rubuce yake. Na koma layi na goma sha na ga inda na yi ɓarnar, na gyara kalma ɗaya, na sake kunna fayil ɗin daga sama har ƙasa, tebur da zane da rahoto duka suka sabunta cikin minti ɗaya. A Excel in ka ja linzamin kwamfuta don zaɓar layukan da za a lissafa ka tsaya layi biyar kafin ƙarshe ba wata shaida da ta rage. Abin da ya samu masana tattalin arziki Reinhart da Rogoff ke nan a takardarsu ta 2010 kan bashin ƙasashe, wadda ta ce in bashi ya wuce kashi 90 na arzikin ƙasa bunƙasa na komawa -0.1, sai a 2013 wani ɗalibi Thomas Herndon ya karɓi fayil ɗin ya ga an tsallake ƙasashe biyar a jan linzami, da aka gyara wannan tare da wasu zaɓuɓɓukan lissafi da shi da malamansa suka soka sai lambar ta koma 2.2. Haka a Ingila a 2020 sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya ɓace daga rahoto saboda tsohon tsarin fayil ɗin Excel ba ya wuce layi 65,536. Ba wai Excel ba shi da amfani ba, har gobe da shi nake leƙa ƙaramin tebur, amma aikin da wani zai yanke hukunci a kansa ina so in iya nuna kowane taki. Da R Markdown ko Quarto ma rubutun rahoton da kod ɗin a fayil ɗaya suke zama, ba kwafa da liƙa lambobi da hannu.

Sauran aibobinsa a gurguje. Komai a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake lodawa, in fayil ya fi ƙarfin RAM ɗinka sai dai ka nemi data.table ko ka yanka shi gunduwa-gunduwa, hotunan tauraron ɗan'adam kam sai da terra. Yare biyu ne a cikin ɗaya, akwai R na asali akwai kuma tidyverse na su Hadley Wickham mai dplyr da ggplot2, ka nemi amsar tambaya ɗaya ka samu hanyoyi uku da ba su yi kama ba, ni shawarata ka kama tidyverse da farko don ya fi karantuwa, na asalin zai zo da kansa. Sabuntawa na iya karya tsohon aiki, misali a siga ta 3.6.0 an canza yadda umarnin sample ke zaɓen samfur, wanda ya sa set.seed ɗaya, wato lambar da ake sawa don zaɓen ya maimaitu, ke ba da samfur daban tsakanin tsohuwar siga da sabuwa, don haka aikin da zai daɗe a kulle sigogin fakej ɗinsa da renv. Sannan kasancewar fakej a CRAN ba shaidar cewa lissafin cikinsa daidai ne ba, gwajin da suke yi na ko yana kunnuwa ne ba tare da ya fashe ba, sai ka duba wa ya rubuta kuma yaushe aka taɓa shi na ƙarshe. Python kuwa in aikinka ya fi karkata ga gina manhaja ko manyan modal na koyon inji to can ya fi, amma a binciken tambayoyi mai nauyi da gungu da kuma zane mai tsafta ban ga abin da ya kamo R ba tukuna.

In maki ake so na ba shi 8 cikin 10, ɗaya na cire don jan rubutunsa da ba ya fahimtuwa, ɗaya don shirun da yake yi a inda ya kamata ya ɗaga murya. Wanda duk aikinsa bai wuce tebur mai layi ɗari da jimla a ƙasa ba ya zauna a Excel abinsa ba wanda zai ce ya yi laifi. Ɗalibin da zai rubuta kundin digiri na biyu ko na uku, da ma'aikacin da ake kawo wa irin bayanai ɗaya duk wata, su kam su daure wa watan farkon nan. Kuma ranar da ka sauke RStudio, kafin ka rubuta komai, shiga Tools ka buɗe Global Options ka cire alamar da ke kan dawo da .RData, fayil ɗin da ke ajiye abubuwan da ka loda, ka kuma sa kar ya riƙa ajiye shi in za ka rufe, in ba haka ba tsofaffin abubuwan jiya za su riƙa maƙalewa a ciki kod ɗinka ya yi ta aiki a kwamfutarka lafiya lau, ka tura wa wani ya ƙi tashi ku yi ta musu a waya.